Yadda Ake Kwaikwayon Safaktan a Iyakar Mai da Ruwa da GROMACS: Jagora ga Ɗaliban Kumasi

Ɗalibin kemistiri ko injiniyancin man fetur a jami'ar KNUST ta Kumasi, in aka ba shi aikin ƙarshen karatu a kan safaktan, yana iya yin mafi yawansa a ɗakinsa na Ayigya Zongo ko Ayeduase ba tare da ya sayi ko cokali guda na sinadari ba. Manhajojin duk kyauta ne. Abin da aikin zai ci masa shi ne wuta, data da haƙuri. Sai dai kwamfuta ba ta taɓa cewa "ban sani ba". Ko akwatinka, wato ɗan sararin da ka jera ƙwayoyi a cikinsa a kwamfuta, daidai yake ko a karkace, za ta ba ka lamba mai ɗigo da hoto mai launi. Shi ya sa na ɗora jagorar nan a kan ƙa'ida guda: kada ka saka safaktan ko ɗaya, sai mai da ruwa tsura sun ba ka lambar da aka riga aka auna a ɗakin gwaji.

Abin da ake aunawa

Safaktan ƙwayar sinadari ce mai kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar tana son mai, don haka ba inda hankalinta ke kwanciya sai iyakar da ke tsakanin su biyun, kai a ruwa, wutsiya a mai. Sabulu da omo da man wanke gashi duk da ita suke aiki. Ita wannan iyakar tana da ɗauri, wato ƙarfin da ke jan ta don ta rage faɗi, ana kuma auna shi da mN/m, wato milinyuton a kowace mita. Tsakanin man dekan da ruwa zalla, a zafin ɗaki, ɗaurin yana kusan 52. In aka zuba isasshen SDS (sodiyam dodesil sulfet), ɗaya daga cikin safaktan ɗin da aka fi nazari a duniya, sai ya faɗo kusan 10. Faɗuwar nan ce ke sa mai ya yarda ya farfashe ƙanana ya watsu cikin ruwa.

Mu a Ghana batun ya taɓa mu ta fuska biyu. An gano filin mai na Jubilee a teku a 2007, aka fara fitar da mai a Disamba 2010, TEN ya biyo baya a 2016, Sankofa a 2017. Ɗanyen mai yakan fito gauraye da ruwa, kuma akwai sinadarai a jikinsa, irin su asfaltin, da ke zama a bayan ɗigon ruwan su hana shi haɗewa da ɗan'uwansa. Dole a zuba wani safaktan da zai ture su kafin a iya raba mai da ruwa a kan jirgin da ke karɓar man a teku. Ɗaya fuskar tana kasuwar Kejetia: sabulun salo da ake kira alata samina, wanda ake yi da tokar ɓawon koko ko ɓawon agade da man alayyadi. Kusan rabin kitsen man alayyadi asid ɗin lorik ne, mai kabon 12 a jere. Wutsiyar SDS ma kabon 12 ce. Wanda ya iya kwaikwayon ɗaya ya kusa iya ɗayan.

Aikin ba sabo ba ne. Tun a 1990 Berend Smit da abokan aikinsa a ɗakin binciken Shell da ke Amsterdam suka nuna a mujallar Nature cewa ƙwayoyi masu sauƙin tsari a kwamfuta kan jeru a iyakar mai da ruwa, wasu kuma su dunƙule a cikin ruwan da kansu. Kwamfutar da ke kan cinyarka yau ta fi tasu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Zaɓi girman idon da za ka duba da shi

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko ita ce a bi kowane atam: kwamfuta ta lissafa ƙarfin da ke kansa, ta matsar da shi bisa dokar Newton, ta sake lissafi. Kowane taki femtosakan 2 ne, ke nan nanosakan guda yana cin taki 500,000. Ta biyu ita ce Martini, da Siewert-Jan Marrink da mutanensa suka gina a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, inda ake dunƙule manyan atam huɗu su zama ƙwallo ɗaya, ana kuma iya yin taki na femtosakan 20. Martini 3 ya fito a 2021. Ta uku ita ce DPD, mai dunƙule ƙwayoyi fiye da haka ma, da Hoogerbrugge da Koelman suka kawo a 1992, Groot da Warren suka gyara ta a 1997. Ita ta fi dacewa da ganin yadda ɗigon mai ke haɗewa ko rabewa, amma ba ta san bambancin sodiyam da fotasiyam ba.

In tambayarka ita ce me gishiri ke yi wa kan safaktan, ko me tsawon wutsiya ke canzawa, bi kowane atam. Shi zan bi a nan, sai a ƙarshe in taɓa Martini don mai ƙaramar kwamfuta.

Kayan aiki

GROMACS, wanda shi ma a Groningen aka fara shi a farkon shekarun 1990, shi ne injin. Packmol, daga Brazil, shi ke jera ƙwayoyi a akwati. VMD, daga Jami'ar Illinois ta Amurka, don kallo. Duk a Linux suka fi zama lafiya. Mai Windows ya kunna WSL2 ya saka Ubuntu a ciki, sannan:

```
sudo apt update
sudo apt install gromacs
gmx --version
```

Wannan ya isa koyo. In kana da katin hoto na NVIDIA, sauko da asalin rubutun GROMACS ka haɗa shi da kanka da CUDA, don bambancin gudun ba kaɗan ba ne. Yi duk saukarwa a intanet ɗin makaranta, kada datarka ta ƙare a banza. Wanda zai je Adum sayen kwamfutar hannu don wannan aikin, ya duba katin hoto da lafiyar fanka kafin ya duba kyawun allo.

Kundin ƙarfi

Wannan shi ne jerin lambobin da ke faɗa wa injin yadda kowane atam ke ja ko ture ɗan'uwansa. A nan mutane suka fi yin garaje, alhali nan ne rabin amsar take. Ina ba mai farawa shawarar CHARMM36: SDS yana cikinsa, ɗakin binciken MacKerell a Jami'ar Maryland yana ba da sigar da ta dace da GROMACS, shafin CHARMM-GUI kuma yana fitar da fayilolin ƙwaya ga ɗalibin da ya yi rajista. OPLS-AA ma sananne ne, amma asalinsa yana sa mai mai doguwar sarƙa ya daskare a zafin da ya kamata ya zama ruwa-ruwa, wanda ya sa aka fitar da gyararren L-OPLS a 2012.

Ka san halin ruwan da ka zaɓa. Ruwan gaske yana da ɗaurin 72 mN/m tsakaninsa da iska a digiri 25. Ruwan kwamfuta na TIP3P yana ba da kusan 52, SPC/E kusan 63, TIP4P/2005 kusan 69. CHARMM36 da nasa TIP3P aka gina shi, don haka da shi za ka yi aiki, kana sane cewa lambarka za ta iya ɗan yin ƙasa. Abin da ba a yi shi ne ɗauko wutsiya daga wannan kundin, kai daga wancan, gishiri daga wani. Injin zai yi gudu lafiya lau, amma lambar ba ta kowa ba ce.

Akwatin farko: mai da ruwa tsura

Fara da lissafi a takarda. A nanomita kubik ɗaya akwai ƙwayoyin ruwa kusan 33.4. Dekan, mai nauyin giram 0.73 a santimita kubik da giram 142.3 a mol, yana ba da kusan 3.1. Mu ɗauki faɗi 6 nm da 6 nm, kaurin ruwa 6 nm, kaurin mai 6 nm. Kowane ɓangare 216 nm kubik ke nan: ruwa 7,200, dekan 670. Atam kusan 43,000.

Akwatin ba shi da bango. Abin da ya fita ta sama sai ya shigo ta ƙasa. Saboda haka iyaka biyu gare ka, ba ɗaya ba: ɗaya a tsakiya, ɗaya inda saman akwati ya haɗu da ƙasansa. Riƙe wannan, zai shiga lissafi.

Packmol da angstrom yake aiki, GROMACS da nanomita. Angstrom 10 shi ne nanomita guda. Ga fayil ɗin tsura.inp da za ka ba Packmol:

```
tolerance 2.0
filetype pdb
output tsura.pdb

structure dekan.pdb
  number 670
  inside box 1. 1. 66. 59. 59. 130.
end structure

structure ruwa.pdb
  number 7200
  inside box 1. 1. 1. 59. 59. 65.
end structure
```

An bar angstrom guda a kowane gefe ne don kada ƙwayar wannan gefen ta hau kan ta wancan. An kuma ɗan ƙara tsawo don Packmol ya samu sarari. Matsi zai rufe giɓin daga baya.

```
packmol < tsura.inp
gmx editconf -f tsura.pdb -o tsura.gro -box 6 6 13.1 -noc
```

A ƙarshen topol.top, fayil ɗin da ke faɗa wa GROMACS ƙwayoyin da ke akwatin da kundin ƙarfinsu, jerin ƙwayoyi dole ya bi tsarin da suka zo a akwatin, dekan 670 sannan ruwa 7200. In ka juya su, grompp, umarnin da ke haɗa fayiloli kafin gudu, zai yi ta kukan sunayen atam ba su dace ba. Akwai masu rufe masa baki da -maxwarn. Kada ka yi. Karanta gargaɗin, ka gyara abin da ya nuna.

Sassautawa da lafawa

Packmol bai damu da ƙarfi ba, tazara kawai ya sani, don haka sai an fara sassauta tsarin da integrator = steep da emtol = 1000.

```
gmx grompp -f em.mdp -c tsura.gro -p topol.top -o em.tpr
gmx mdrun -deffnm em
```

In ya gama, kuzarin ya zama babbar lamba mai alamar ragi. In ka ga lamba mai girman gaske babu ragi, ko inf, atam biyu sun hau juna, koma Packmol. Daga nan a yi gajeren gudu na pikosakan 100 da girman akwati a kulle da gen-vel = yes, don zafi ya zauna. Sai a saki matsi. Ga zuciyar fayil ɗin mdp, mai ɗauke da saitin gudun:

```
integrator      = md
dt              = 0.002
constraints     = h-bonds
cutoff-scheme   = Verlet
coulombtype     = PME
rcoulomb        = 1.2
vdwtype         = cutoff
vdw-modifier    = force-switch
rvdw-switch     = 1.0
rvdw            = 1.2
DispCorr        = no
tcoupl          = v-rescale
tc-grps         = System
tau-t           = 1.0
ref-t           = 298
pcoupl          = C-rescale
pcoupltype      = semiisotropic
tau-p           = 5.0
ref-p           = 1.0 1.0
compressibility = 0 4.5e-5
```

Layin ƙarshe ya fi sauran muhimmanci. Sifilin farko yana kulle faɗin x da y, lamba ta biyu tana barin tsawon z ya miƙe ko ya takure har matsi ya kai bar guda. Dalili biyu ne. Iyaka tana jan kanta, in ka saki x da y sai akwatin ya yi ta tsukewa ya zama siriri dogo. Na biyu, faɗin da kowace safaktan ta samu shi ne abin da kake sarrafawa nan gaba, dole ya tsaya cak. An kashe DispCorr ne saboda gyaran da yake yi ya ɗauka akwatin iri ɗaya ne ko'ina, naka kuwa rabi mai rabi ruwa. Wanda ke da kwamfuta mai ƙarfi ya gwada vdwtype = PME ya ga ko lambar ta motsa.

Bayan nanosakan biyu ko uku, kira gmx energy ka zaɓi Box-Z. Ya kamata ya sauko kusan 12 nm ya zauna yana ɗan rawa.

Dogon gudu, da batun dumsor

Mai da ruwa tsura ba sa ɓata lokaci, nanosakan 20 ya wadatar, wato nsteps = 10000000. Sa nstxout-compressed = 5000 don a ɗauki hoto duk pikosakan 10, nstenergy = 500, sannan nstxout, nstvout da nstfout su zama sifili, in ba haka ba fayil ɗin trr zai cinye maka ma'ajiya. Kwamfutar hannu marar katin hoto ba za ta wuce 'yan nanosakan a wuni ba a akwati irin wannan, saboda haka gudun zai ɗauki kwanaki.

Wuta za ta ɗauke a tsakani, wannan ba sai an faɗa wa mutumin Kumasi ba. GROMACS yana ajiye fayil ɗin cpt, mai riƙe inda gudu ya kai, duk minti 15, kana iya rage shi:

```
gmx mdrun -deffnm md -cpt 5
gmx mdrun -deffnm md -cpi md.cpt
```

Layi na biyu shi ke ɗorawa daga inda aka tsaya. Kashe barcin kwamfuta, ka hana Windows sake kunna kanta cikin dare. Ɗaga ta daga katifa, a kan tebur za ta zauna. A watan Fabrairu da Maris, ga zafi ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, injin kan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A irin wannan lokacin rage yawan zaren aiki da -nt ya fi a matsa masa. Mai amfani da Google Colab ya haɗa Drive ɗinsa ya riƙa ajiye cpt a can, don zaman kan yanke ba sallama. Ka kuma tambayi malaminka tun farkon zango ko sashenku na da babbar kwamfutar da ake ba ɗalibai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fitar da lambar

A tsakiyar ruwa matsi ɗaya ne ta kowace fuska. A iyaka kuwa, matsin da ke kwance ya gaza wanda ke tsaye, kuma wannan giɓin ne ɗaurin. Kirkwood da Buff suka kafa lissafin a 1949:

γ = (Lz / 2) × [Pzz − (Pxx + Pyy) / 2]

Biyun da ke ƙarƙashin Lz shi ne iyakokin nan biyu. GROMACS ya riga ya yi maka mafi yawan aikin:

```
gmx energy -f md.edr -b 5000
```

Zaɓi #Surf*SurfTen. Shi -b 5000 yana zubar da pikosakan 5,000 na farko. Lambar da za ta fito a bar·nm take, kuma ta iyaka biyu ce a haɗe. Raba da 2, sannan ka raba da 10, domin bar·nm guda 0.1 mN/m ne. A taƙaice raba da 20. In ka ga kusan 1,000, kana kusan 50 mN/m ke nan.

Kada zanen ya tsorata ka. Matsi a ƙaramin akwati yana hawa da sauka da ɗaruruwan bar daga taki zuwa taki, matsakaici kaɗai ke da ma'ana. Duba ginshiƙin Err.Est., shi ma ka raba shi da 20, ka rubuta shi kusa da amsarka. RMSD da ke gefensa girman rawar ne, ba kuskuren matsakaicin ba.

Sannan ka yi fayil ɗin rukuni na index.ndx da gmx make_ndx, ka duba cunkoso a tsawon akwati:

```
gmx density -f md.xtc -s md.tpr -n index.ndx -d Z -sl 200 -b 5000
```

Tsakiyar ruwa ya kwanta kusan 1,000 kg a mita kubik, tsakiyar dekan kusan 730, kowanne da shimfiɗaɗɗen fili a zanen. In babu shimfiɗa, ɓangaren ya yi siriri har iyakokin biyu suna jin juna, ƙara kauri. In ɗaurin ya fito tsakanin 45 da 53, kuma cunkoson ya dace, wuce gaba, ka rubuta giɓin da ke tsakaninka da 52 a rahotonka. In ya fito 25 ko 100, kusan kullum rabon biyun nan ne. In wata lamba ce daban, koma kan kundin ƙarfi da layin compressibility. Kada ka matsa daga nan sai ka gano.

Yanzu a shigo da SDS

Tambayar da kowa ke yi ita ce guda nawa zan zuba. A ɗakin gwaji ana faɗin yawan safaktan a cikin ruwa. SDS yana fara dunƙulewa a kusan milimola 8.2, kowane dunƙule da ƙwaya kusan 60. To lissafa: milimola 8.2 a ruwan akwatinmu mai 216 nm kubik ƙwaya ɗaya ce tak. Ke nan ba za ka iya saita yawan da ke cikin ruwa ka jira iyaka ta cika da kanta ba, akwatin ya yi ƙanƙanta, lokacin ya yi gajarta. Abin da kake saitawa shi ne yawan da ke kan iyaka. Iyakarmu 36 nm murabba'i ce, kuma SDS in ya cika iyaka kowace ƙwaya kan samu kusan rabin nanomita murabba'i. Don haka ka gina jerin akwatuna: 18 a kowace iyaka, faɗin 2.0 ke nan kowace; 36, faɗin 1.0; 54, faɗin 0.67; 72, faɗin 0.5; sai 90, faɗin 0.4, don ka ga abin da wuce kima ke yi. Iyakokin biyu su samu adadi ɗaya.

Jera su da hannu, kai wajen ruwa. Ga ɓangaren iyakar farko ga mai 72:

```
structure sds.pdb
  number 72
  inside box 1. 1. 66. 59. 59. 86.
  atoms 1
    below plane 0. 0. 1. 69.
  end atoms
  atoms 40
    over plane 0. 0. 1. 82.
  end atoms
end structure
```

Lambobin 1 da 40 misali ne. Buɗe sds.pdb naka ka nemo lambar atam ɗin sulfa da ta kabon na ƙarshen wutsiya. Dekan ya koma tsakanin 87 da 151, jeri na biyu tsakanin 152 da 172 da kansa a sama, tsawon akwati 17.3 nm. Sodiyam 144 su shiga cikin ruwan, don cajin akwatin gaba ɗaya ya zama sifili. In lafawa ta kammala tsawon zai dawo kusan 14 nm.

Sauran matakan iri ɗaya ne, amma lokaci ya ƙaru. Wutsiyoyi sai sun saki miƙewar da ka tilasta musu, dekan ya kutsa tsakaninsu, sodiyam ya samu mazauni. Ba shi nanosakan 50, ka zubar da 20 na farko. Don ka tabbatar ya lafa, raba sauran gida uku da -b da -e, ka lissafa ɗaurin kowanne. In yana ta gangara gefe ɗaya, bai lafa ba. Ka kuma maimaita akwati ɗaya sau biyu ko uku da gen-seed daban, wannan ya fi Err.Est. faɗin gaskiya.

Zana ɗauri a kan faɗin kowace ƙwaya. A 2.0 zai ɗan sauko daga lambar tsura. Daga 1.0 zuwa 0.5 gangaren zai yi tsanani, domin kawunan masu caji iri ɗaya sun fara ture juna, kamar fasinjojin trotro da aka cusa wa mutum na biyar a kujerar huɗu. A 0.4 ka buɗe VMD: iyakar kan lanƙwashe, wasu ƙwayoyi su fice, ɗaurin ya kusa sifili ko ma ya faɗa ƙasa da shi. Wannan lambar ba nasara ba ce, alama ce ta cewa ka wuce abin da iyakar ke ɗauka. Lissafin Kirkwood da Buff a yadda muka yi shi na shimfiɗaɗɗiyar iyaka ne. In malaminka ya fi son yawan mol a mita murabba'i, faɗin 0.5 daidai yake da mikromol 3.3.

Zanen cunkoso a nan ya fi daɗi. Yi rukuni daban-daban da gmx make_ndx: sulfa, wutsiya, sodiyam, ruwa, dekan. Za ka ga inda kai ya tsaya, zurfin da dekan ya shiga cikin wutsiyoyi, da yadda sodiyam ya taru a bayan kawuna. Ka lura da abu guda: wasu kundin ƙarfi suna sa sodiyam ya manne wa sulfet fiye da kima, har kawunan su jeru su sandare. In ka ga haka a digiri 25, zargi lambobin gishirin kafin ka rubuta cewa ka gano sabon abu.

Gishiri, zafi, da iyakar abin da akwatin zai faɗa

Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a lita, kusan mola 0.6 in an ɗauke shi duka a matsayin gishirin girki. A ruwanmu wannan sodiyam 78 ne da kolorayid 78, ƙari a kan sodiyam ɗin SDS. Gishiri yana rufe cajin kawuna, su rage ture juna. A ɗakin gwaji wannan kan sa ƙarin safaktan su samu wuri a iyaka, ɗauri ya sauka. A akwatinka kuwa adadin a kulle yake, saboda haka kana iya ganin ɗauri ya ɗan hau bayan ka zuba gishiri. Ba saɓani ba ne, tambayoyin ne daban: can yawan cikin ruwa ne a tsaye, nan yawan kan iyaka. Yi bayanin wannan a rahotonka tun kafin a tambaye ka ranar kare aiki. In ka sauya gishiri ko zafi, sake yin akwatin tsura a wannan yanayin, shi ne ma'auninka.

Masu karatun man fetur su sani: fitar da ragowar mai daga ramukan dutse da safaktan yana bukatar ɗauri ya sauka kusan 0.001 mN/m. Kuskuren kwaikwayonka yana kusan 1. Ba za ka ga wancan lambar ba ko ka yi shekara kana gudu. Abin da za ka iya faɗa da gaba gaɗi shi ne wace ƙwaya ta fi wata rage ɗauri a faɗi ɗaya, da dalilin hakan a tsarin kai da wutsiya.

Mai ƙaramar kwamfuta ya koma Martini. Ruwa huɗu ƙwallo ɗaya ne, dodekan ƙwallo uku, don haka a can dodekan ko heksadekan ya fi dekan sauƙin rabawa. Tsari ɗaya za a bi, tsura tukuna. A Martini 2 ruwan kan daskare a kusa da zafin ɗaki, har sai an gauraya masa wasu ƙwallaye na hana daskarewa; Martini 3 ya rage matsalar. Ɗauki lambobinsa a matsayin gwadawa tsakanin ƙwayoyi, ba amsar ƙarshe ba.

Wanda ke son aiki mai ƙamshin gida ya cire SDS ya saka fotasiyam loret, wanda shi ne babban rabon sabulun da ake yi da toka da man alayyadi. Wutsiyar kusan ɗaya ce, kan ne ya sauya daga sulfet zuwa kaboksilet, sodiyam ya koma fotasiyam. Sauya abu ɗaya a lokaci guda: fara da sodiyam loret, sannan fotasiyam, don ka san wanne ya jawo bambancin. Ruwan sabulu mai kanwa-kanwa ne, saboda haka ka bar duk kawunan da cajinsu. Man kaɗanya kuwa a bar shi sai an ƙware. Ƙwayoyinsa masu wutsiya uku ne, na sitiyarik da oleyik masu kabon 18, suna motsi a hankali ƙwarai, kuma a digiri 25 man a daskare yake. In dole sai shi, a ɗaga ref-t zuwa 330, wato kusan digiri 57, a ninka lokacin lafawa, a kuma fara da auna cunkoson man shi kaɗai kafin a kawo ruwa kusa da shi.